Zauren Iyali: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

 Ina fata kun gama girbi lafiya, dawa ta shiga rumbu. A watan jiya na yi alkawari za mu yi hira a kan kuɗin makaranta. Ku gafarce ni, sai wata mai zuwa, gama wata wasiƙa ta zo daga Kwanyawa a ƙasar Ƙaraye, zancenta kuwa ba ya jira. Wata uwa ce ta rubuto, ta roƙa kada a faɗi sunanta. Ga abin da ta ce.

"Baba mai Zaure, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bara, saura kwana 3 Kirsimati, na aiki ɗana kasuwa ya sayo mini man gyaɗa da gishiri. Shekararsa 15. Da canjin da ya rage ya sayi ƙaramin kwalin nokawut. A hanyar dawowa aka tare su ana bincike, aka sami abin a aljihunsa. Ko ɗaya bai buga ba. Kwana 2 ya yi a tsare. Sai da mahaifinsa ya sayar da akuya kafin yaron ya dawo gida, Kirsimatinmu ta zama kamar zaman makoki. Wanda ya sayar masa kuwa yana nan a rumfarsa har yau. An ce mana mu gode wa Allah ma, da an kai shi kotu da ɗauri za a yi masa. Baba, abin wasan yara ne fa. Wannan hukunci bai yi tsanani ba?"

'Yata, na ji kukanki. Na san kuma ba ke kaɗai ke da wannan tambaya ba. Daga Kwanyawa zuwa Tudun Kaya, daga Zarewa zuwa Fulatan, da wuya a sami gidan da yaro bai taɓa shigo da nokawut a ɓoye ba. Mu ma da muke yara mun yi bindigar ashana, mu cika ramin makulli da kan ashana, mu sa ƙusa, mu buga da dutse. Ƙara ta murna ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ko a hawan Sallah 'yan bindiga suna ɗura albarushi su yi wa sarki gaisuwa. Saboda haka ba zan yi miki magana kamar wanda bai taɓa zama yaro ba. Amma bari mu bi zancen a hankali.

Don me hukuma ta hana?

Dalili na fari shi ne gobara. Nokawut ba kome ba ne sai albarushi da aka naɗe a takarda. Kirsimati kuwa a tsakiyar hunturu take zuwa. Ki dubi gidajenmu a watan Disamba. Danga ta kara ce, jinka ta ciyawa ce, harawa tana jibge a kan rumfa, karan dawa yana tsaye a bayan gida, rumbu a cike, ga mai sayar da fetur a kwalba a bakin hanya. Iska tana kaɗawa, kome ya bushe ƙayau. Tartsatsi ɗaya ya isa. Kafin motar kashe gobara ta iso ƙauye, abincin shekara ya zama toka.

In an tara shi da yawa wuri guda kuwa, ya tashi daga abin wasa. Ran 26 ga Disamba 2012, kashegarin Kirsimati, wani ɗakin ajiya cike da kayan wasan wuta ya fashe a wajen kasuwar Jankara a cikin Legas. An yi hasarar rai, mutane da dama suka ji rauni, wutar ta bi gine-ginen da ke kewaye ta cinye. A birnin Lima na ƙasar Peru, ran 29 ga Disamba 2001, wuta ta tashi a kasuwar da ake sayar da irin waɗannan kaya domin bikin ƙarshen shekara, mutum kusan 300 suka mutu.

Dalili na biyu shi ne rauni. Wani nokawut yakan ƙi tashi da wuri. Yaro ya ɗauka ya duba, sa'an nan ya fashe masa a hannu ko a fuska. Yatsan da ya tafi ba ya komowa, ido kuma ba a sayensa a kasuwa.

Dalili na uku shi ne tsoro, wannan kuwa ya shafe mu ƙwarai. Ranar Kirsimati ta 2011 bom ya tashi a majami'ar St. Theresa da ke Madalla a Jihar Neja, fiye da mutum 30 suka mutu. Ran 20 ga Janairu 2012 aka kai hare-hare cikin birnin Kano, fiye da mutum 150 suka mutu. Ran 28 ga Nuwamba 2014 aka kai wa babban masallacin Juma'a na Kano hari, fiye da mutum 100 suka rasu. Kirista da Musulmi duka mun binne namu. Hausawa sun ce wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ki ɗauka ana sujadar tsallake shekara, majami'a a cike, sai a ji ƙara a bakin taga. Wa zai tsaya ya tambaya? Tsofaffi da masu goyo ne za a tattake a bakin ƙofa. Har wa yau ƙasar Rogo tana iyaka da Katsina da Kaduna, muna kuwa jin labarin 'yan bindiga daga wasu yankunan maƙwabtanmu. In kunnen mutanen gari ya saba da ƙara kowane dare, ran da bindigar gaske ta tashi za a ce yara ne ke wasa.

Don haka ne 'yan sanda sukan yi shela in Sallah ko Kirsimati ko Sabuwar Shekara ta ƙarato, su ce an hana saye da sayarwa da buga nokawut. Ni dai ban ga laifin hanin ba. Da ni ne hukuma, da na hana.

Me doka ta ce?

Hani daban, hukunci daban. Ya kamata kowane magidanci ya san waɗannan abubuwa.

Akwai dokar abubuwan fashewa ta 1964, da ƙa'idojinta na 1967. A ƙarƙashinsu ba a shigo da abin fashewa, ko a ƙera, ko a ajiye, ko a sayar, sai da izinin gwamnati. Akwai kuma dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ita ce ake kira final kod. Ta tanadi hukunci ga wanda ya yi sakaci da wuta har ya sa ran mutane cikin hatsari, da hukunci mafi nauyi ga wanda ya ƙone dukiyar wani da gangan.

Amma Tsarin Mulki na 1999 ya kafa wa hukuma ita ma iyaka. Sashe na 36 ya ce ba za a kama mutum da laifi a kotu ba sai laifin yana rubuce cikin doka, hukuncinsa ma yana rubuce. Watau alƙali ne mai yanke hukunci, bisa ga rubutacciyar doka. Shelar da aka yi a rediyo gargaɗi ce, ba ita ce ke faɗin tsawon ɗauri ko yawan tara ba. Sashe na 35 kuma ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana 1 idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, cikin kwana 2. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani, saboda haka ba a tsare uba domin ɗa, ko uwa domin 'ya. Beli a wurin 'yan sanda kyauta ne, su da kansu suna faɗin haka. Game da yara kuwa, sashe na 50 na final kod ya ce abin da yaro ya yi kafin ya kai shekara 7 ba laifi ba ne, haka kuma daga 7 zuwa 12 in hankalinsa bai kai ya gane abin da yake yi ba. Ɗanki ya wuce nan, doka tana iya tambayarsa. Duk da haka yaro ne, doka kuwa ta ce a raba yara da manya a wurin tsarewa.

To, 'yata, kin ga inda zancen yake. Kwana 2 da ɗanki ya yi, da akuyar da kuka rasa, ba alƙali ne ya yanke su ba. Ba ki kuma ce an ba ku rasit ba. Abin da ya same ku wahala ce wadda ta zo kafin hukunci, sau da yawa kuwa ita ce ta fi hukuncin kansa ciwo ga talaka. A gidajen gyaran hali na ƙasar nan, wajen kashi 2 cikin 3 na mutanen da ke ciki jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu kome ba tukuna. Wannan ne abin da ya kamata uwa ta ji tsoro.

Yadda wata ƙasa take yi

Bari mu leƙa Ingila, ba don sun fi mu hankali ba, sai don su ma suna fama da wannan abu. Bisa ga ƙa'idojinsu na 2004, wanda bai kai shekara 18 ba ba shi da izinin riƙe manyan kayan wasan wuta a bainar jama'a. Ba a bugawa daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe, sai a wasu darare na biki, kamar daren Sabuwar Shekara, inda aka ɗaga zuwa ƙarfe 1. Ƙaramin laifi ana iya cin tararsa nan take, fam 90. Babban laifi, kamar sayarwa ba bisa doka ba, yana iya kai mutum ɗaurin wata 6. Abin koyo a nan shi ne hukuncin hawa-hawa ne, kowa kuma ya san matakinsa tun kafin ya yi laifin.

Tsanani ga wa?

Ba a amsa tambayarki da i ko a'a, gama mutum uku ne a cikin zancen, ba ɗaya ba.

Na fari shi ne mai shigo da kayan ya cika ɗaki da su a tsakiyar kasuwa ko a cikin unguwa. Wannan ya san abin da ya ajiye. Ya sa ran maƙwabtansa a kan sikeli, ya ga ribarsa ta fi nauyi. A kansa ban ga hukunci mai tsanani ba. A ƙwace kayan, a ci shi tara mai zafi, in ta kama a ɗaure shi.

Na biyu shi ne mai rumfa ko mai tebur, wanda yake miƙa wa ɗan shekara 8 albarushi ya karɓi kuɗi. Shi ma talaka ne mai neman abinci, na sani. Amma babba ne, ya kuma ji shela. A ƙwace kayansa a yi masa gargaɗi. In ya sake, a kai shi gaban alƙali.

Na uku shi ne yaro mai kwali ɗaya a aljihu. Shi ne ƙarshen igiya. Bai shigo da shi ba, bai ci riba ba, kuɗinsa ma aka ci. Amma shi ne mai sauƙin kamawa. In aka kulle shi tare da ɓarayi da mashaya, mai rumfa kuwa yana zaune yana ƙirga ciniki, to, an bar jaki ana dukan taiki. A nan kam, 'yata, ina tare da ke. Ya yi tsanani, ba zai kuma hana kome ba, gama muddin kayan suna kan tebur a kasuwa, yara za su saya.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya

Akwai wurare huɗu da nake so a karanta a sujadar iyali a wannan wata.

Romawa sura 13 ta koya mana mu yi biyayya ga masu mulki. Mai bi ba ya zaɓen dokar da ta yi masa daɗi. Bai dace a ce a ranar haihuwar Mai Cetonmu ne aka fi sanin 'ya'yanmu da karya doka ba.

Karin Magana 26, aya 18 da 19, ta kwatanta mai cutar maƙwabcinsa da sunan wasa da mahaukacin da ke jifa da wuta. Ki yi haƙuri, 'yata, wannan ya taɓa maganarki ta cewa abin wasan yara ne. Mai jifa ne ke wasa. Wanda abin ya faɗa wa ba wasa yake yi ba.

Maimaitawar Shari'a 25, aya 2 da 3, ta sa a auna horo daidai da laifi, ta kuma kafa iyaka ga yawan bulala, domin kada a ƙasƙantar da mai laifin. Ashe Allah da kansa ya kula da mutuncin wanda ake hukuntawa.

Fitowa 22 aya 6 kuwa kamar domin ƙasarmu aka rubuta ta. Zancen wuta ne da ta kama ƙaya, ta bazu, ta cinye dammunan hatsi ko gonar wani. Hukuncin da aka sa wa wanda ya kunna wutar shi ne ya biya abin da ya ƙone. Ku lura da hikimar da ke ciki. Idan aka ɗaure mai laifi, mai rumbu yana nan da yunwarsa. Idan aka sa shi ya biya, mai rumbu ya sami abinci, mai laifi kuma ya ji nauyin abin da ya yi a jikinsa.

Na taɓa ganin an yi haka

Shekarun baya a ƙauyenmu, daren Sabuwar Shekara, wani yaro na ikkilisiyarmu ya wurga nokawut sama. Iska ta kai shi kan harawar maƙwabcinsu, wani dattijo Musulmi. Wuta ta ci harawar, ta ci danga, ta kama rumbu ɗaya kafin a kashe ta. Kafin gari ya waye magana ta fara canza kama. Wasu samari suna cewa da gangan aka yi. Kun san irin wannan magana, kun san kuma inda take kai gari.

Da sassafe mahaifin yaron ya riƙo hannunsa, dattawan ikkilisiya biyu suna biye, suka tafi ƙofar gidan dagaci. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗana ne ya yi. Ni kuma na ba shi kuɗin. Duk abin da aka yanke na ɗauka." Aka kirawo mai rumbu, aka ƙirga hasara, dami 14 na dawa da harawar rani duka. Dagaci ya ce uban ya biya dawar, yaron kuma shi zai yanko kara ya gyara dangar, ya kwaɓa ƙasar sabon rumbu, ya riƙa yi wa dabbobin dattijon ciyawa har ruwa ya sauka. Dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, na yafe dami 4. Maƙwabcina ne, shi ma yana da iyali."

Yaron ya yi wata 5 yana wannan aiki, abokansa suna kallo. Ya sha wuya ƙwarai, ba kuwa wanda ya ce an yi masa sauƙi. Amma bai bar makaranta ba, bai kwana da ɓarayi ba, gidajen biyu kuma har yau suna aika wa juna abincin Sallah da na Kirsimati. Shekara da yawa bayan nan ba a ƙara jin nokawut a unguwar ba.

Kada wani ya ce wannan shari'ar ƙauye ce kawai. Dokar 2019 da ta mai da gidajen yari gidajen gyaran hali ta tanadi horon da ba na ɗauri ba, har da yi wa jama'a aiki. Hanyar tana nan a rubuce. Roƙonmu ga alƙalai da 'yan sanda da hakimai da dagatai na masarautar Ƙaraye shi ne a bi ta a kan yara, ƙarfin hukuma kuma a kai shi inda kwalayen suke fitowa.

Namu aikin

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku tuna da maganar wancan uba, "Ni kuma na ba shi kuɗin." Nokawut ba ya faɗowa daga sama. Kuɗin yawon Kirsimati ne da canjin aike. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga abin da nake roƙon kowane gida.

1. Tun kafin mako na Kirsimati, maigida da uwargida su tara yara su faɗa musu dalilin hanin. Kada a tsaya ga "na hana" kawai. A tambayi yaro me ya saya da kuɗinsa.

2. Fasto da dattawa su yi sanarwa a majami'a. Zumuntar mata da shugabannin matasa su shirya wa yara abin da zai cika musu ranar, waƙoƙi da ganga, wasan kwaikwayo na haihuwar Yesu, ƙwallo, tsere. Yaron da aka hana abu ba a ba shi wani ba, zai nemo na farin a ɓoye.

3. In mai sayarwa ɗan'uwa ne a ikkilisiya, a je a same shi cikin ƙauna. In ba ya ji, a gaya wa mai unguwa ko sarkin kasuwa.

4. In an kama ɗanka, kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma ka yi faɗa. Ka tafi da dattijo ko mai unguwa. Ka faɗi shekarun yaron. Ka tambaya cikin ladabi wane laifi aka rubuta. Kowane kuɗi aka ce ka biya, ka nemi rasit. In zancen ya kai kotu ba ka da halin lauya, akwai hukumar ba da taimakon lauya ga marasa ƙarfi, wadda gwamnati ta kafa tun 1976.

5. In yaro ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta wajen minti 20. Kada a shafa manja ko ƙwai ko man goge baki. In ido ne, kada a murza. A kai shi asibiti nan da nan.

'Yata ta Kwanyawa, akuyarki ba za ta komo ba, na kuwa yi baƙin ciki tare da ke. Amma ɗanki ya komo da yatsunsa goma da idanunsa biyu, ba rumbun kowa a wuyansa. Kada ki bar shi ya girma da ƙin hukuma a zuciyarsa, kada kuma ki ce masa ba shi da laifi. Ki gaya masa gaskiya biyu, ya yi kuskure, an kuma yi masa fiye da kuskurensa. Bana ki sa shi ya zama mai yi wa ƙannensa bayani, gama za su ji nasa fiye da nawa.

Ubangiji ya ba mu Kirsimati ta salama, ya tsare rumbunanmu da na maƙwabtanmu. Masu wata tambaya su rubuto kamar kullum. Sai mun sadu a Zaure wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.